Yoyon memori a direbobin kanel: yadda ake gano shi, a auna haɗarinsa, a toshe shi

Tun da sola da inbata suka yawaita a Sakkwato, wata cutar kwamfuta ta fara fitowa fili a wuraren da ba a san ta ba a da. Saba ce, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, a cibiyar jarrabawa ta CBT, ko ƙaramar na'urar Linux da ke raba intanet a wani ofis a Gawon Nama, ko kwamfutar da ke riƙe da kyamarorin tsaro a shago. Za ta yi makonni tana aiki lafiya lau, sai ta fara nauyi, manhajoji su riƙa mutuwa da kansu, daga ƙarshe ta sandare. A kashe a kunna, ta dawo garau. A da ɗauke wuta ne ke yi mana wannan kashewa da kunnawa kullum, shi ya sa matsalar ba ta samun lokacin girma. Yanzu da na'ura kan yi wata guda a kunne, abin da ke ɓoye ya bayyana.

Mafi yawan lokaci zafi ake ɗora wa laifi, kuma a garin da awon zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, ba za a ce zargin ba shi da tushe ba. Amma akwai bambanci mai sauƙin ganewa. Nauyin da zafi ke jawowa yana bin rana, ya tsananta bayan azahar, ya lafa da dare. Nauyin yoyon memori kuwa yana bin tsawon kwanakin da na'ura ta yi a kunne, ba ruwansa da sanyin asuba.

Abin da ke faruwa a ciki

Kanel shi ne cibiyar tsarin aikin kwamfuta, shi ke raba RAM, wato memorin da kwamfuta ke aiki da shi, shi ke magana da kayan ƙarfe. Direba kuma ɗan shiri ne da ke zaune a cikin kanel ɗin don sarrafa na'ura guda: katin Wi-Fi, kyamara, firinta, GPU mai sarrafa hoto. Duk sanda direba ke buƙatar wuri sai ya karɓa daga kanel, a Linux ta hanyar `kmalloc` da 'yan'uwansa, idan ya gama ya mayar da `kfree`. In ya karɓa bai mayar ba, kuma ya yar da adireshin wurin, to wurin ya tafi ke nan, wannan shi ne yoyon memori. Manhaja ta yau da kullum idan ta yi haka, da ka rufe ta kanel zai ƙwace duk abin da ta riƙe. Kanel kuwa ba wanda ke samansa da zai ƙwace masa. Idan RAM ya ƙare, Linux kan saki abin da ake kira OOM killer ya riƙa kashe manhajoji don a samu sarari, sai ya kashe marasa laifi, wurin da ya ɓace kuma bai dawo ba.

Akwai yoyo iri na biyu, wanda ya fi wannan muni, inda direba ke miƙa wa manhaja abin da ke cikin memorin kanel ba tare da ya share shi ba. Zan zo kansa a gaba. Mu fara da wanda ake gani da ido.

Mataki na farko: kada ka kashe, auna tukuna

Da mai shago ya kira ka yana cewa "Injiniya, mi ka cinye RAM ɗin ga?", hannunka zai so zuwa kan maɓallin kashewa. Daure. Da ka kashe ka shafe hujja, sai ka sake jiran wasu makonni. Buɗe taminal ka duba `/proc/meminfo`. Layuka uku ne abin lura: `MemAvailable`, `SUnreclaim` da `VmallocUsed`. Na farko yana nuna abin da ya rage. Na biyu yana nuna memorin da kanel ya riƙe wanda ba zai iya saki ba ko da an matsa masa, kuma nan ne yoyon direbobi ya fi fitowa.

Awo ɗaya ba ya gaya maka komai. Bar wannan yana gudana:

```
while true; do
  date
  grep -E 'MemAvailable|SUnreclaim|VmallocUsed' /proc/meminfo
  sleep 600
done >> ~/awo.txt
```

Bayan yini ɗaya ko biyu ka karanta fayil ɗin. Lafiyayyar na'ura lambar `SUnreclaim` ɗinta kan hau bayan an kunna, ta tsaya, ta riƙa ɗan hawa da sauka. Mai yoyo kuwa hawa kawai take yi. Haɗa da duba `top`: idan ka tara abin da duk manhajoji ke ci bai kai abin da ya ɓace ba, to ɓarnar a kanel take. Kada `SReclaimable` ta ruɗe ka, wannan ajiya ce da kanel ke saki da kansa in an buƙata. Don ka tabbatar, ba da umarnin `sync`, sannan `echo 3 > /proc/sys/vm/drop_caches` a matsayin root, wato asusun mai cikakken iko a na'urar, ka ga abin da ya ƙi sauka.

Mataki na biyu: wane kaso ne ke kumbura

`sudo slabtop -o -s c` zai jero maka kason memorin kanel daga babba zuwa ƙarami. Ɗauki jerin yau, ka ɗauki na gobe, ka kwatanta. In sa'a ta yi, kason da ke girma yana ɗauke da sunan da ke nuna mai shi. Sau da yawa kuma suna ne na gama-gari kamar `kmalloc-256`, wanda kowa ke ɗiba daga ciki. A nan sai ka ƙara `slub_debug=U` a layin tayar da kanel, ka sake kunnawa. A kanel 5.14 zuwa sama, fayil ɗin `alloc_traces` da ke ƙarƙashin `/sys/kernel/debug/slab/` zai nuna maka wane ɓangaren kod ne ya yi ɗiban, da sau nawa.

In ba ka son sake kunna na'urar, akwai hanyar eBPF, wadda ke ba da damar leƙa cikin kanel yana kan aiki. A Ubuntu da Debian, sanya `bpfcc-tools`, ka gudanar da `sudo memleak-bpfcc -o 60000 60`. Zai riƙa fito maka da ɗiban da suka haura minti ɗaya ba a mayar ba, tare da hanyar da aka bi aka yi su. Daga kanel 6.10 na shekarar 2024 kuma an samu `/proc/allocinfo`, idan an gina kanel ɗin da shi, wanda ke lissafa ɗiba layi-layi ba tare da ya nauyaya na'ura sosai ba.

Mataki na uku: kama direban

Duba `cat /proc/sys/kernel/tainted`. In ba sifili ba ne, bincika dalili. Lamba 4096 na nufin akwai direban da ba daga ainihin kanel ya fito ba, lamba 1 kuma direba ne mai rufaffen kod. `dkms status` zai nuna waɗanda aka harhaɗa a kan na'urar. A wurinmu wannan ne wurin da zan fara zargi, domin ƙananan na'urorin Wi-Fi na USB masu araha da ake saya a kasuwa sau da yawa ba sa aiki sai an sauko da direba daga GitHub, wanda wani ya ɗora shekaru da suka wuce, ba mai duba shi. `lspci -k` da `lsusb -t` za su haɗa maka kowace na'ura da direbanta.

Daga nan gwaji ne. Tsananta aikin da kake zargi, ka ga ko lambar za ta ƙara gudu: cire na'urar USB ka mayar sau da yawa, kashe katin sadarwa ka kunna, buɗe kyamara ka rufe. Sannan ka sauke direban da `modprobe -r`. Lura da wani abu da ke ruɗa mutane: sauke direba ba ya dawo da memorin da ya riga ya ɓace. Abin da za ka gani shi ne hawan ya tsaya cak. Wannan tsayawar ita ce shaidarka.

Mataki na huɗu: kmemleak

Wannan shi ne kayan aikin da aka ƙera don wannan aiki, yana cikin Linux tun 2.6.31 a shekarar 2009, kuma Catalin Marinas ne ya rubuta shi. Yana riƙe da lissafin duk ɗiban da aka yi, sannan lokaci-lokaci ya zagaya memori yana neman adireshinsu. Duk wurin da ba a samu mai nuni gare shi ba, sai ya kawo ƙararsa. Fara duba ko kanel ɗinka na da shi:

```
grep KMEMLEAK /boot/config-$(uname -r)
```

In babu `CONFIG_DEBUG_KMEMLEAK=y`, sai ka gina kanel na gwaji, ko ka sanya `kernel-debug` idan Fedora ko dangin Red Hat kake amfani da su, ka ƙara `kmemleak=on` a layin tayarwa. A na'urar gwaji za ka yi wannan, domin yana cin memori da lokaci. Ba abin kunnawa ba ne a sabar da ɗalibai za su rubuta jarrabawa a kanta gobe. Tsarin aikin ga shi:

```
echo clear > /sys/kernel/debug/kmemleak
```

Yi aikin da ke tayar da yoyon, ka ɗan dakata, domin ba ya kawo ƙarar abin da bai kai daƙiƙa 5 ba. Sannan:

```
echo scan > /sys/kernel/debug/kmemleak
cat /sys/kernel/debug/kmemleak
```

Maimaita `scan` ɗin sau biyu ko uku. In ka bar shi, da kansa yana zagayawa duk minti 10. Kowane rahoto yana farawa da `unreferenced object`, sai adireshi, sai girma, sai sunan manhajar da ke gudana a lokacin, sai `backtrace`. Karanta `backtrace` daga sama, ka tsallake layukan `kmalloc` da makamantansu. Layin farko da ke ɗauke da sunan direba a ƙarshensa, nan ne aka yi ɗiban.

Yana da iyaka, kuma ya kamata ka san ta. Ba ya bin shafukan da aka ɗiba kai tsaye da `alloc_pages`; don waɗannan sai `page_owner=on`. Haka kuma idan direba yana ta tara abubuwa a wani jeri da ba ya taɓa ragewa, kmemleak ba zai ce uffan ba, tunda adireshin yana nan, alhali RAM na ƙarewa. Irin wannan sai hanyar mataki na biyu.

Mataki na biyar: wa zai iya tayar da shi?

Nan ne aka fi sakaci, kuma nan ne batun ya zama na tsaro. Yoyo biyu masu girma ɗaya na iya bambanta kamar sama da ƙasa. A ce direba na zubar da bait 256 sau ɗaya, lokacin da aka soka na'ura. Shekara goma ba zai dame ka ba. A ce kuma bait 256 ɗin nan yana zuba ne duk sanda manhaja ta aika wa direba wani umarni (`ioctl`) da gurɓataccen bayani. Mai mugun nufi zai rubuta 'yan layuka su yi kiran sau 10,000 a daƙiƙa, ya cinye RAM mai gigabait 4 cikin ƙasa da rabin awa, ba tare da kalmar sirrin root ba.

Saboda haka ka amsa waɗannan da gaske. Shin ana iya tayar da shi daga nesa, ta saƙon da ke shigowa ta waya ko Wi-Fi? Wannan ne mafi gaggawa. Shin mai ƙaramin asusu a na'urar zai iya? Duba izinin fayil ɗin na'urar da `ls -l /dev/`. A ɗakin kwamfuta na makaranta, inda ɗalibai da yawa ke shiga saba ɗaya, ko shagon intanet da baƙo ke zama ya soka filashinsa, wannan tambaya ba ta wasa ba ce. Shin sai root kaɗai, ko sai kayan ƙarfe sun lalace? To a gyara, amma ba a tashi tsakar dare dominsa ba.

A watan Nuwamban 2019 an fitar da jerin lambobin CVE, wato lambobin da ake bai wa ramukan tsaro da aka gano, masu yawa a kan irin wannan yoyo a Linux, galibinsu daga binciken Navid Emamdoost na Jami'ar Minnesota a Amurka. Cikinsu akwai CVE-2019-19063 a `rtl_usb_probe` na direban Realtek, da CVE-2019-19068 a `rtl8xxxu`, da CVE-2019-19073 da CVE-2019-19074 a `ath9k` na Atheros. Duk direbobin Wi-Fi ne irin waɗanda ke cikin kayan da muke saye. An yi gardama a kan wasu daga cikin jerin, saboda da wuya maharbi ya iya tayar da su yadda ya so, kuma a ganina gardamar na da amfani: lambar CVE kaɗai ba ta gaya maka girman haɗarin a taka na'urar. Tun Fabrairun 2024 masu kula da kanel ɗin Linux suka fara ba da lambobin da kansu, adadin ya yi yawa ƙwarai, don haka iya tantancewar nan ta zama dole ga duk mai riƙe da saba.

Idan kod ɗin a hannunka yake

Kusan duk yoyon da na ambata a wuri ɗaya suke ɓuya, wato hanyar fita idan aiki ya ci tura a tsakiya. Dubi wannan:

```
buf = kmalloc(len, GFP_KERNEL);
if (!buf)
        return -ENOMEM;

urb = usb_alloc_urb(0, GFP_KERNEL);
if (!urb)
        return -ENOMEM;
```

Fita ta biyu ta bar `buf` a baya. Al'adar kanel ita ce a yi `goto` zuwa ƙarshen aikin, a mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshen ɗiba shi ne na farkon mayarwa. Abin da zai rayu tsawon rayuwar na'ura a ɗebe shi da `devm_kzalloc`, kanel zai mayar da kansa idan an cire na'urar. Sababbin kanel kuma suna da `__free(kfree)`, wanda ke mayarwa da zarar an fita daga aikin.

Matsalar hanyoyin nan ita ce ba a bin su a gwaji na yau da kullum, tunda ɗiba ba ya cika faɗuwa. Sai ka tilasta masa. Kunna `CONFIG_FAILSLAB`, ka saita `probability` a `/sys/kernel/debug/failslab/`, kanel zai riƙa hana ɗiba da gangan, kmemleak na gefe yana kallo. Ka kuma bi kod ɗin da Smatch na Dan Carpenter da Coccinelle, suna kama irin wannan tun kafin a kunna na'ura. In direban na ainihin kanel ne, `scripts/get_maintainer.pl` zai ba ka waɗanda za ka aika wa. In kuwa ka tabbatar ana iya cutar da mutane da shi, kada ka baza a fili, ka aika wa security@kernel.org.

Yoyo na biyu, wanda ba ya rage RAM

Ka taɓa sayen ƙosai aka naɗe maka a takarda, ka buɗe ka ga sakamakon jarrabawar wani ne, da sunansa da makinsa? Haka memorin kanel yake idan an sake amfani da shi ba a share ba. Dubi wannan tsari:

```
struct bayani {
        u8  lamba;
        u64 adadi;
};
```

A na'ura mai bit 64 girmansa bait 16 ne, amma 9 kaɗai aka cika. Bait 7 da ke tsakani cikon daidaito ne, kuma duk abin da ke wurin a da yana nan. Da direba ya yi `copy_to_user` da tsarin gaba ɗaya, ya miƙa wa manhaja wannan saura. Bait 7 kamar ba komai ba, amma in guntun adireshin kanel ne, ya isa ya karya KASLR, kariyar da ke sauya mazaunin kanel duk sanda aka kunna don kada maharbi ya san inda zai nufa. Irin wannan yoyo shi ke buɗe wa sauran hare-hare ƙofa.

An gani a zahiri. CVE-2023-26083 yoyo ne a direban GPU na Mali na kamfanin Arm, wanda ke bai wa manhaja marar izini damar ganin bayanan kanel. A Maris 2023 masu bincike na Google suka bayyana cewa an haɗa shi da wasu ramuka an kai wa masu wayoyin Samsung hari a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a Disambar 2022, kuma gyaransa ya shiga sanarwar tsaron Android ta Yulin 2023. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin Mali na cikin yawancin kwakwalwan MediaTek da Unisoc da ke cikin wayoyin Tecno, Infinix da itel, irin Helio G85 da G99. Na biyu shi ne CVE-2024-50302 a sashen HID, mai kula da allon rubutu da linzamin USB. Amnesty International ta ba da rahoto a Fabrairun 2025 cewa yana cikin ramukan da aka bi ta USB aka buɗe wayar wani ɗalibi a Sabiya. Gyaran da aka yi masa shi ne sauya `kmalloc` zuwa `kzalloc`, don a share wurin tun daga ɗiba.

Ga mai rubuta direba, ƙa'idar a sarari take: `memset` kafin cika duk tsarin da zai fita zuwa manhaja, `kzalloc` a madadin `kmalloc`, sannan gwaji da KMSAN, mai kama amfani da memorin da ba a cika ba, wanda ya shiga kanel 6.1 a ƙarshen 2022. Ga mai riƙe da saba, saita `kernel.dmesg_restrict=1` da `kernel.kptr_restrict=2` ta `sysctl`, ka ƙara `init_on_alloc=1` a layin tayarwa idan ba a kunne yake ba. Direban da ba ka amfani da shi ka hana shi hawa, da layin `install sunansa /bin/false` a wani fayil cikin `/etc/modprobe.d/`. Inda baƙi ke kusantar ramukan USB, sanya USBGuard, mai hana na'urorin USB da ba a yarda da su ba aiki.

Windows

Hanyar ɗaya ce, kayan aiki ne suka bambanta. A Task Manager, shafin Performance, ƙarƙashin Memory, duba Non-paged pool. In ya tashi daga ɗaruruwan megabait ya shiga gigabait yana ta hawa, direba ne. Gudanar da `poolmon` na cikin Windows Driver Kit, danna `b` don ya jera da girma, ka ɗauki alamar haruffa huɗu da ke sama. Shiga `C:\Windows\System32\drivers` ka rubuta `findstr /m /l` da alamar da `*.sys`, zai fito da fayil ɗin direban. Driver Verifier na tabbatarwa, amma yana iya hana na'ura tashi, don haka ka zaɓi direba ɗaya kawai, ka kuma san cewa `verifier /reset` a Safe Mode ne mafita.

Wayoyin da ke zuwa shagon gyara

A waya ba ka da ikon taɓa direba, sai abin da kamfani ya turo. Abin da ke hannunka shi ne duba kwanan watan sabuntawar tsaro a saitin wayar, wajen bayanin sigar Android, da duba irin GPU da manhaja kamar CPU-Z. Waya mai Mali da sabuntawarta ta tsaya kafin Yulin 2023, a ɗauka ramin farko na nan a buɗe. Wadda ta tsaya kafin Maris 2025, a ɗauka na USB ɗin na nan. Idan akwai sabuntawa a jiran saukewa, a sauke wa mai wayar a shagon kafin ya tafi, domin da yawa tsadar data ce ke sa su ɗage ta. Idan kamfani ya daina turowa gaba ɗaya, a gaya masa gaskiya, musamman in mai POS ne ko wanda manhajar bankinsa ke kan wayar: ya daina sanya manhajojin da ake turawa ta WhatsApp ko Xender, kada ya bar wayar a wurin cajin kasuwa ba ya kusa, kuma ya mayar da harkar kuɗinsa kan wayar da har yanzu take samun gyara.